Yadda Ake Tattara Hankali Kan Sana'a Ɗaya Har Ta Riƙe Mai Ita: Jagora ga Mazauna Damagaram

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa, tun daga teloli da dukawa har zuwa ɗaliban Jami'ar André Salifou da matan da ke sana'a a cikin gida, kusan iri ɗaya ce: yaya mutum zai wuni yana kai da kawowa, ya kwanta a gajiye liƙis, amma wata ya ƙare babu wani aikin da zai nuna ya ce ga shi na kammala, babu kuma kuɗin da ya saura a hannu? A ganina yawancin masu wannan tambaya ba raggwaye ba ne. Hankalinsu ne ya rarrabu tsakanin sana'o'i uku ko huɗu, da waya, da zaman fada, da buƙatun jama'a, har ya zama babu abin da ke samun rabonsa cikakke. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, kuma tsallake na farko don a yi saurin isa ga maganar kuɗi shi ne abin da ya fi rusa shirin.

Kayan da ake buƙata kaɗan ne: kaye biyu masu shafi 100, bik, gwangwani ko ƙaramin akwati mai rufi guda biyu, da agogo mai ƙararrawa wanda ba na cikin waya ba. Idan aka cire agogon, jika guda ta isa har da canji.

1. Auna mako guda kafin ka sauya komai

Mutum kan kwana da zafin niyya, ya wayi gari ya ce daga yau ya bar fada, ya bar WhatsApp, ya bar barcin rana, bayan kwana uku kuma ya koma inda ya fito har da ƙari. Saboda haka makon farko na awo ne kawai. Duk lokacin da ka idar da sallah ka dawo wurin zamanka, ka buɗe kayen farko ka rubuta layi biyu: abin da ka yi tun daga sallar da ta gabata, da kuɗin da ya shiga ko ya fita daga aljihunka, ko da dala biyar ce ta goro. Wanda bai saba da rubutun boko ba ya rubuta da ajami. Kowane dare kuma ka duba yawan lokacin da ka yi a kan waya. A wayoyin Android da aka saita da Faransanci, sashen da ke nuna wannan yana cikin saituna da sunan Bien-être numérique, kuma yana fayyace mintocin da kowace manhaja ta ci.

Ka fara ranar Alhamis ka ƙare ranar Laraba, domin makon ya haɗa da ranar babbar kasuwa da kuma Juma'a. A daren Laraba ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya ka sa musu alama uku: abin da ya kawo kuɗi ko ya ƙara maka gwaninta, abin da yake wajibi na addini ko na iyali, da abin da ya wuce ba tare da ka san inda ya tafi ba.

Hattara: kada ka zaɓi makon Sallah ko makon da ake biki a gidanku, kuma kada ka gyara halinka don kayen ya yi kyau. Babu wanda zai karanta shi sai kai.

2. Zaɓi aiki ɗaya na wata uku

Wannan shi ne mataki mafi ɗaci, domin a garin da samu ba shi da tabbas, kowa yana jin tsoron sakin wata hanya. Saurayi yana kabu-kabu da safe, yana sayar da kiredi da rana, yana koyon gyaran salula in ya samu sarari, yana kuma jiran wani ya kira shi aikin gini. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ba ana nufin ka yar da abin da ke ciyar da gidanka yau ba. Ana nufin ka ware aiki ɗaya wanda zai samu mafi kyawun sa'o'inka, sauran kuma su ci abin da ya rage.

Ka rubuta duk ayyukan da kake taɓawa, sannan ka yi wa kowanne tambayoyi huɗu. Na farko, akwai mutane a nan Damagaram ko kewaye da suka taɓa biyan ka kuɗi a kansa, ba yabo kawai ba? Na biyu, idan ka ƙara gwaninta a cikinsa, farashinka zai iya tashi? Wannan tambaya ita ce ke raba ɗinki, dukanci, walda, gyaran waya, haɗa wutar sola ko koyar da yara darasi da ayyukan da duk wanda ya zo yau zai yi su daidai da wanda ya shekara goma. Na uku, halal ne, kuma za ka iya faɗin sa a gaban surukanka ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Na huɗu, ka san fuskar wanda aikin ke amfana? Telan da ya ga yaro ya tafi Idi da rigar da ya ɗinka, ko matar da ta san gidajen da ke karin kumallo da ƙosanta, suna da abin da ke riƙe su a ranar da ciniki ya yi sanyi, kuma daga nan ne gamsuwar aiki ke fitowa.

Aikin da ya amsa huɗun nan shi ne naka. Idan biyu suka yi kunnen doki, ka ɗauki wanda ya riga ya fara kawo kuɗi. Idan kuma babu ko ɗaya, to matakinka na gaba koyo ne: ka nemi ubangida mai sana'a ka zauna ƙarƙashinsa, ko ka tambaya a cibiyar koyar da sana'o'i ta CFM da ke kwaminku, ka kuma saurari sanarwar horon da FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ke ɗaukar nauyinsa lokaci zuwa lokaci.

Hattara: kada ka sayi keken ɗinki, injin ko kwamfuta kafin mutum uku da ba danginka ba su biya ka a kan aikin da ka yi da kayan aro ko na haya. Haka nan duk wata harkar intanet da za a ce ka fara biyan kuɗin rajista sannan ka kawo wasu mutane su ma su biya, ba sana'a ba ce, kuma caca ta ƙwallo a waya tana cin kuɗi da natsuwa a lokaci guda.

3. Yanke lokacin da ba a taɓawa

Ba ka buƙatar wuni guda. Sa'o'i biyu zuwa uku a kowace rana, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, sun fi sa'o'i goma da ake yi ana tashi. A Damagaram lokacin da ya fi dacewa ga yawancin mutane shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, kuma dalilan a fili suke. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ta yadda daga walaha zuwa la'asar jiki da ƙwaƙwalwa duk sun yi laushi. Da safe baƙi ba su fara sallama ba. Hasken gari ya wadatar ko da an ɗauke wuta. Da sanyin safiya ake kama fara. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito shi, Sakhr al-Ghamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa tun farkon yini, dukiyarsa kuwa ta yawaita.

Sai dai ba kowa ne safiyarsa take hannunsa ba. Uwar gida da ke haɗa abin kari da shirya yara, lokacinta yana farawa ne bayan sun tafi makaranta wajen ƙarfe 8, ya ƙare kafin ɗora sanwar rana. Ma'aikacin gwamnati da ke da sana'ar gefe ya ɗauki awa ɗaya da rabi kafin fita, ya ƙara da yammacin Juma'a da safiyar Asabar. Mai shago a Kasuwar Dole ya bambanta lokacin yin aiki da lokacin karɓar masu ciniki: yanka da ɗinki ko haɗa fata da safe, awo da ciniki da miƙa kaya bayan la'asar. Ranar Alhamis kuwa ranar sayarwa ce da sayen kayan aiki, kada a sa ran wani aiki mai zurfi a cikinta.

Wannan lokaci na safe ana sayen sa ne tun daren jiya. Babban mutum yana buƙatar barcin da bai gaza awa 7 ba, don haka wanda zai tashi wajen ƙarfe 5 ya kamata ya kwanta kusan ƙarfe 10 na dare, ya cike gurbin da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, gara mutanen gida su raba kwanakin tsaron ruwa a tsakaninsu, ko a lissafa kuɗin mai ga-ruwa cikin kuɗin sana'a, da a ce mutum ɗaya ne kullum zai raba dare a bakin famfo sannan a sa ran ya yi aikin kirki da safe.

Hattara: shayin fada mai kauri bayan sallar lisha yana kore barci har tsakar dare. Mafi muni shi ne tiramol da wasu ke sha don su jure aiki. Ƙwaya ce daga dangin magunguna masu sa maye da kamu, tana iya jawo farfaɗiya, kuma wanda ya riga ya saba da ita ya nemi taimakon likita wajen bari maimakon ya yanke ta rana ɗaya shi kaɗai.

4. Yi wa waya iyaka

Binciken da Gloria Mark ta Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine ta yi kan ma'aikatan ofis ya nuna cewa idan aka katse mutum daga aiki, yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya koma kan abin da ya bari. Ka auna wannan da saƙonnin murya da ke shigowa daga rukunin dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai da na wa'azi, za ka gane inda safiyarka take tafiya.

A daren da zai gabaci ranar farko ta zaman aiki, ka yi abubuwa uku. Ka rufe ƙarar dukkan rukunonin WhatsApp, ka zaɓi rufewa ta dindindin, ba ta awa 8 ko ta mako guda ba. Ka kashe sanarwar Facebook da TikTok gaba ɗaya. Sannan ka tsayar da lokuta uku na duba saƙo: bayan ka tashi daga aikin safe, bayan la'asar, da bayan magariba. A lokacin aiki ka kashe intanet ɗin wayar ka ajiye ta a wani ɗaki ko cikin akwati, amma ka bar layin kira a buɗe, domin mai larura ta gaske kira yake yi. Wanda ke karɓar oda ta waya ya sauke WhatsApp Business, wanda kyauta ne, ya jera hotunan kayansa da farashinsu a ciki, ya kuma saita saƙon da ke amsawa da kansa cewa ana duba saƙonni daga ƙarfe kaza. Ribar farko da za ka gani ita ce raguwar kuɗin forfe. Ka rubuta bambancin a kaye.

5. Sanar da mutane cikin ladabi

Nan ne shawarwarin da ake kwasowa daga ƙasashen waje suke karyewa, domin a wurinmu ba a rufe wa mutum ƙofa. Wanda ya ce wa kawunsa ya dawo anjima saboda yana aiki, kafin azahar labari ya zagaya dangi cewa ya fara girman kai. Maganin shi ne a riga mutane magana, a je musu tun kafin su zo. Ka sami mahaifinka ko babban gidan bayan sallar magariba, ka durƙusa ka ce: “Baba, ina neman albarkarku. Na ɗauki niyyar in riƙa zama kan aikin nan daga asuba zuwa ƙarfe tara, in akwai aike ko wata buƙata, daga tara ina hannunku.” Da wuya dattijon da aka nemi albarkarsa ya zama shi ne mai katse aikin, sau da yawa ma shi zai riƙa korar maka yara. Matar aure ta yi irin wannan magana da maigidanta, in akwai abokiyar zama kuma su daidaita kan ranakun girki, ta yadda ranar da ba ita ke da tukunya ba za ta zama ranar babban aikinta.

Abokan fada ba sa buƙatar dogon bayani, lokaci kawai za ka ba su: kana nan bayan la'asar ko bayan magariba, kuma ranar da zubin shayi ya zo kanka ka biya ba tare da an tambaye ka ba. Za a yi maka ba'a mako ɗaya ko biyu, a kira ka Alhaji ko patoro, daga baya a saba. Ni ban ga hikimar barin fada gaba ɗaya ba, domin a can ake jin inda ake neman ma'aikaci, a can ake samun masu ciniki na farko, kuma mutanen can ne za su ɗauki gawarka.

Idan baƙo ya yi sallama a tsakiyar aiki, ka tashi ka gaisa da shi gaisuwa cikakkiya, ka ba shi ruwa, sannan ka ce: “Malam, ka yi mini haƙuri, aikin mutane ne a hannuna kuma na yi alkawari, in Allah ya kai mu la'asar ni zan same ka har gida.” Sharaɗin shi ne ka je ɗin. Zumunta a ƙafa take, kuma idan aka ga kana cika wannan alkawari, ba za a riƙe ka da komai ba.

Hattara: jana'iza, rashin lafiyar iyaye da haihuwa ba sa cikin abubuwan da ake ɗagawa. Ɗaurin aure da raɗin suna kuwa, waɗanda galibi da safe ake yin su, ka halarci fatiha ka yi barka ka dawo. Zaman da ke biyo baya har azahar ba wajibi ba ne sai in gidanku ne.

6. Yadda ake zaman aikin kansa

Tun da dare ka shirya wurin: almakashi, zare da yadin da za a yanka, ko fata da basilla, ko littafin da za a karanta a buɗe a shafinsa. A saman sabon shafi ka rubuta abu ɗaya tak da za a gama gobe, a bayyane yadda ba za a yi gardama a kansa ba. “Zan yi ɗinki” ba manufa ba ce. “Zan gama wuyan riguna biyu in sa musu aljihu” ita ce manufa.

Da safe, kafin ka taɓa kayan aiki, ka zauna minti biyu ba ka yin komai. Ka yi bisimilla, ka ja numfashi a hankali ka sake shi sau biyar ko shida, ka tuna wa za ka yi wa aikin da abin da ya sa kake yin sa. Wanda ya saba yin tasbihin bayan sallah yana sanin abin da bakinsa ke faɗa, ba yana jan carbi idonsa na kan titi ba, ya riga ya san wannan horo: hankali zai gudu, ka lura ya gudu, ka dawo da shi ba tare da faɗa da kanka ba. Ba ina cewa a mayar da ibada dabarar neman kuɗi ba ne, ibada don Allah ake yin ta. Amma mutumin da ya koyi halarto da zuciyarsa a wuri ɗaya yakan iya halarto da ita a wani.

Sai ka saita agogo. Tsarin da ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 shi ne minti 25 na aiki da minti 5 na hutu, kuma ya dace da ɗalibi ko mai aikin lissafi da rubutu. Ga mai aikin hannu na fi son minti 45 zuwa 50 da hutun minti 10, domin tsayar da keke a tsakiyar ɗinki kowane minti 25 ɓata aiki ne. A lokacin hutu ka miƙe, ka sha ruwa, ka dubi nesa don idanu su huta, amma kada ka ɗauki waya. Duk tunanin da ya faɗo maka a tsakiyar aiki, ko bashin da ka tuna, ko kiran da ya kamata ka yi, ka rubuta shi a gefen shafi da kalma biyu ka ci gaba. Da zarar an rubuta shi yakan daina damun mutum.

Makon farko bayan na awo ka yi zagaye biyu kawai a rana, wato aiki da hutunsa sau biyu, mako na biyu uku, daga nan ka tsaya a inda ingancin aikinka bai fara raguwa ba. Minti goma na ƙarshe na duba aiki ne: ka juya rigar ta ciki, ka ja ɗinkin jakar, ka sake kunna wayar da ka gyara ka gwada ta. Aikin da aka dawo maka da shi ya ci lokacinka sau biyu, ya kuma tafi da mai ciniki.

7. Lissafa farashin awa ɗaya ta aikinka

Natsuwa ba ta zama kuɗi sai an san abin da awa ɗaya ta aiki ta cancanta. Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don bayani kawai, kowa ya sa nasa. A ce tela yana biyan hayar shago sefa 10,000 a wata, wuta da gawayin guga 5,000, mai da gyaran keke 2,000, waya da harajin kasuwa 3,000, jimla 20,000. A ce kuma gidansa yana buƙatar 60,000 a wata. Abin da sana'ar za ta fitar ke nan 80,000. Idan aka cire Juma'o'i da ranakun sha'ani da rashin lafiya, kwanakin aiki su zama 22, kuma kayen awo ya nuna cewa ainihin aikin da hannu ke yi awa 4 ne a rana, to awa 88 ke nan a wata. Raba 80,000 gida 88 ya ba da kusan sefa 910, a cike shi ya zama jika guda. Rigar da ke cin awa uku, da zare da maɓalli da shafi na sefa 750, bai kamata ta fita ƙasa da 3,750 ba.

Idan kasuwa ba ta biyan haka, hanyoyi uku ne suka rage: ka ƙara sauri ta hanyar haɗa ayyuka iri ɗaya, wato a yanka riguna biyar a zama ɗaya sannan a ɗinka su, ka koma ga irin aikin da ake biya da kyau saboda ba kowa ya iya shi ba, ko ka miƙa wa ɗan koyo ƙananan ayyuka kamar guga da sa maɓalli. Ƙara sa'o'i har tsakar dare ita ce hanyar da kowa ke fara bi, kuma ita ce ke rusa mataki na uku.

Hattara: mai sayo kaya daga Kano ta Dan Barto ya sa farashi bisa abin da zai kashe ya sake sayo irin kayan a yau, da canjin naira da sefa na yau da kuɗin mota, ba bisa abin da ya saya watan jiya ba. Kuma kada ka karɓi kafin alƙalami na aikin da ya fi ƙarfin sa'o'inka, musamman gab da Sallah. Ka ƙirga awowin da suka rage, in sun cika ka ce sun cika.

8. Raba kuɗin sana'a da na gida

A nan ne kaye na biyu da gwangwanaye biyu suke shigowa. Duk kuɗin da ya shigo ya fara shiga gwangwanin sana'a a rubuta shi. Daga ciki ake cire kuɗin kayan aiki, sannan ka biya kanka wani adadi tsayayye kowane mako ka sa a gwangwanin gida, cefane kuma daga nan kaɗai yake fita. Wanda ke karɓar kuɗi ta Airtel Money, Nita ko Amana ya rubuta su a kayen nan take kamar kuɗin hannu, domin kuɗin da ke cikin waya sun fi saurin narkewa a sayen forfe. Ko da dala ashirin ce a rana, a ware wani abu na gyaran kayan aiki da ranar ciwo. Ga mata, ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, suna da amfani domin zubin mako-mako yana fitar da kuɗin daga gida kafin buƙata ta cinye su.

Bashi kuwa a rubuta shi da suna da rana da lokacin biya, a gaban mai karɓa. Wanda ya ji nauyin yin haka ga ɗan'uwa ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ka tsayar da iyakar abin da za ka iya bari a waje, in an kai ta, sabon bashi sai tsoho ya dawo.

9. Bitar mako da lokutan da shiri ke karyewa

Kowace Juma'a da safe ka ba kayen biyu minti 20. Ka ƙirga zagayen aikin da ka yi, ayyukan da ka gama ka miƙa, kuɗin da ya shigo da wanda ke waje, sannan ka nemo abu ɗaya da ya fi katse ka a makon ka yi masa magani ɗaya. Kada ka sauya sana'ar da ka zaɓa kafin wata uku su cika. A ƙarshensu ne za ka kwatanta kuɗin awa ɗaya na watan farko da na uku ka yanke hukunci.

Shirin zai karye a wasu lokuta, kuma gara a san su tun da wuri. Da azumi, ka mayar da babban aiki bayan asuba kai tsaye ka rage shi zuwa zagaye biyu, teloli kuma da dole su yi dare su rama barcin da hantsi. Da damina, wanda ke da gona ya ba ta safiya a kwanakin shuka da noman farko, sana'a ta koma bayan la'asar. A tsakiyar bazara aikin da ke buƙatar wuta a yi shi duk lokacin da ta samu, a ajiye yanka, zane da aikin hannu don lokacin da babu ita. Idan rasuwa ko tafiya ta ɗauke maka mako guda, ranar da ka dawo kada ka ce za ka rama abin da ya wuce: ka kira masu kayan da ke hannunka ka ba su sabuwar rana, ka yi zagaye ɗaya na minti 25 a ranar, washegari ka yi biyu.